Gilashin maƙalawa da na saya a PZ Zariya don ɗaukar hoton ƙuda, ga abin da na gani bayan wata shida

Salamu alaikum. Tun da na fara sa hotunan ƙwari a status ake ta damuna da tambaya, wai wace kyamara na saya, wani abokina ma cewa ya yi ƙarya nake yi daga intanet nake kwasowa. To babu wata kyamara jama'a, wayar nan tawa ce dai da kuka sani mai tsagaggen sikirin, sai wani ɗan gilashi da ake maƙala mata ta baya kamar abin maƙale shanya. Masu shago makro suke ce masa. Yau wata shida ke nan ina fama da shi, tun ƙarshen damina zuwa yanzu da mangwaro ya fara nuna, don haka ina ganin na isa in faɗi albarkacin bakina a kansa, da mai daɗi da mara daɗi.

Asalin abin ma gardama ce ta jawo shi. Na je gaida baffana a wajen Shika, yana da 'yan shanu biyar da yake turkewa a bayan gida, muna tsaye muna hira sai na ji an soka min abu a ƙwauri kamar allura, har ta cikin safa fa. Ina dubawa sai na ga ƙuda, ƙuda dai irin wanda ke sauka a bakin kwanon tuwo, ni ban ga wani bambanci ba. Na ce Baffa yau kuma ƙudan gida ne ya koyi cizo? Ya yi dariya ya ce a'a ɗana, wannan na shanu ne, ba ka ga yadda suke ta buga ƙafa ba tun ɗazu. Wani maƙwabcinsa da ke wurin ya ce tsando ne, Baffa ya ce ina, shi rabonsa da ganin tsando a nan har ya manta, wani yaro mai yankan ciyawa kuma ya ce ƙaramar bobuwa ce. Ni kuma ɗan boko sai na zaro waya wai zan raba gardama. Hoton da ya fito ɗigo ne baƙi a kan fatar sa, ko ƙuda ne ko kashin akuya ba mai iya rantsewa. Aka yi ta min dariya har na tafi.

Bayan kamar sati biyu na shiga PZ wajen masu kayan waya, sai a shago na huɗu na samu. Ɗan kwali ne ƙarami da rubutun Caina a jiki, babu sunan kamfani ko ɗaya, an dai rubuta uku a ɗaya. Mai shagon ya ce 9,000, na taya 5,000, muka daidaita a 6,500. Kuɗin wancan lokacin nake faɗa, kun san kasuwar yanzu farashin safe daban na yamma daban. Na je gida na buɗe, ga maƙalin roba, ga ɗan buhun ƙyalle, ga murafu, gilashi kuma guda biyu na ƙirga. Na gwada na farko ya mayar da fuskar ɗana kamar ƙwarya, na gwada na biyu ya faɗaɗa ɗaki kamar falon gwamna, shi makro ɗin da na kashe kuɗina dominsa babu shi. Washegari na hau mashin na koma da zafina, na ce Alhaji ka sayar min da kaya ba cikakke ba. Yaron shagon bai ce uffan ba, ya karɓa ya kama na biyun ya murɗa, sai ga shi ya rabu gida biyu. Ya ce yallaɓai ai a haɗe suke zuwa, na ƙasan nan shi ne makro. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige, ga kuɗin mashin zuwa da dawowa sun tafi a banza. Don haka duk wanda ya saya ya fara murɗewa kafin ya je yi wa mutane rashin kunya. Sauran gilasan biyu kuwa wasan yara ne, yaran na bar wa.

Abu na farko da ya kamata mutum ya gane, gilashin nan ba ya jawo nesa. Da yawa suna zaton kana zaune a kan tabarma za ka jawo ƙudan da ke jikin katanga, a'a. Aikinsa irin na tabaran karatun dattawa ne, yana sa kyamara ta iya ganin abin da ke dab da hancinta. Sai ka kai wayar kusa da ƙwaron kamar faɗin yatsu biyu sannan hoto ke fitowa, ka ja baya kaɗan komai ya koma hazo, ka matsa kaɗan ka ture ƙwaron ya tashi. Kuma ko a daidai wurin, kaurin abin da ke fitowa tar bai wuce kaurin ƙwayar dawa ba, in ido ya fito ras to fiffike ya dushe, in fiffike ya fito to kai ya ɓace. A kwali an rubuta yana ƙara girma sau 15, ni dai ban gaskata ba, na ɗora shi a kan rular yarana na ga abin da ke cika sikirin bai kai santimita 3 ba. Ga ƙudan gida da tsawonsa milimita 6 zuwa 7 ne ya wadatar sosai, za ka ga gashin ƙafarsa ɗaya bayan ɗaya. Ga kiyashi kuwa sai dai a yi haƙuri.

Matsaloli kam akwai su, araha ba ta ado. Maƙalin sulɓi gare shi, sai ka saita shi tsaf a kan idon kyamara, ka sunkuya ka lallaɓa ka zo daidai lokacin dannawa sai ka ga rabin hoton ya yi baƙi ashe ya goce. Dole ka cire rigar waya in ba haka ba ba ya zama, ka ga wayarka tsirara a bakin kwata, sau biyu tana suɓuce min. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne wayoyin nan masu ido uku, in ka matsa kusa da abu wayar da kanta take sauya ido ba tare da ta shawarce ka ba, kai ka maƙala gilashi a babban ido ita kuma ta koma kallo ta wani, sai ka ga robar maƙali ta cika sikirin. Na yi kwanaki ina zaton abin ya lalace ne kafin na gano ana kashe wannan sauyin a cikin saitin kyamara. Tsakiyar hoto ne kawai ke fita da kyau, gefe-gefe yana jan jiki yana kawo wani shuɗi-shuɗi a bakin abubuwa, don haka sai ka sa ƙwaron a tsakiya daga baya ka yanke gefen. Filasha ba ta da amfani, gilashin ne ke tare ta, ga inuwar wayar da kanta tana rufe ƙwaron in ka ba rana baya. Ƙurar hunturu kuma ba a magana, na goge shi da bakin riga sau ɗaya ya yi zane har yau yana nan, tun daga nan sai na hura masa iska tukunna in goge da ƙyallensa.

Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan shi ƙudan kansa. Wa zai tsaya maka ka kawo masa waya dab da ido? Satin farko hoton katanga da ganye da yatsana kawai na tara. Sanyin Disamba ne ya cece ni. Ƙwaro ba ya ɗumama jikinsa da kansa kamar mu, in gari ya yi sanyi jikinsa mutuwa yake yi, to bayan asuba kafin rana ta yi ƙarfi sai ka same su a jikin ganyen zogale ko igiyar shanya sun yi lamo, kana iya kai gilashi har ka kusa taɓa su ba su motsa ba. Da rana kuwa sai da dabara, motsi mai sauri suke gani, in ka tafi a hankali kamar hawainiya kuma ba ka bari inuwarka ta faɗa musu ba sukan ƙyale ka. Sai kuma cin hanci. Na riƙa ajiye ɓawon lemu da kan kifi a murfin gwangwani a ƙarshen tsakar gida, ai ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu, in ya kafa baki ko ganga kake kaɗawa ba ya ji. Uwargida ta leƙo ta gan ni kwance rub da ciki a gaban kan kifi ta ce Malam lafiya kuwa, mutane na korar ƙuda kai kana yi masa walima? Na ce bincike ne. Ta ce to binciken ya koma bayan gida. Can ya koma.

Samun hoto rabin aiki ne, saura sanin sunan abin. Na fara da wata manhaja da ba zan kira sunanta ba, wadda ke ba ka amsa nan take da cikakken ƙarfin hali, na nuna mata koren ƙudan nan mai ƙyalli na wajen mahauta ta ba ni sunan wani da na duba na ga a Turai yake zaune, na sake ɗaukar shi ɗin dai ta wani gefe ta ba ni wani suna daban. Na goge ta. Daga baya wani ɗalibin noma a Samaru ya nuna min iNaturalist, kuma da ita nake aiki har yau. Kyauta ce. Wasu ɗaliban jami'ar Kalifoniya ta Berkeley a Amurka ne suka fara ta a 2008 a matsayin aikin kammala digirinsu na biyu, yanzu ta zama ƙungiya mai zaman kanta tun 2023. Ka ɗora hoto da rana da wurin da ka ɗauka, kwamfuta ta kawo maka hasashenta, sannan, kuma nan ne daɗin yake, mutane na gaske su duba su yarda ko su gyara. In fiye da kashi biyu cikin uku na masu dubawa suka haɗu a kan suna ɗaya sai abin ya hau matakin bincike, ya shiga babban rumbun bayanan halittu na duniya da ake kira GBIF, masana su yi aiki da shi. Ka ji fa, ƙudan bayan gidana a rumbun duniya. Akwai kuma wurin da za ka ɓoye ainihin inda ka ɗauka, ni duk na cikin gida ɓoyewa nake yi, zamanin nan ba a nuna wa duniya ƙofar gida. Kuma ba sai da data a take ba, ka tara hotunanka in ka samu sabis ka ɗora.

Yadda kwamfutar ke aiki shi ne daga hotunan da mutane suka ɗora take koyo, kuma sai wani nau'i ya tara hotuna kamar 100 kafin a koya mata shi. To mu nan su wa ke ɗorawa? Ka buɗe taswira ka duba Ingila ko Amurka ka ga ɗigo ya rufe ƙasa, ka dawo Zariya da Giwa da Soba ka ga fili fetal. Ke nan ba abin mamaki ba ne a nuna mata ƙwaron fadamar Galma ta tsaya a dangi ta ce iyakar sanina ke nan, ni wannan tsayawar ma ita ta sa na yarda da ita. Abin kamar neman mutum ne a birni. Cewa wannan ƙuda ne, wato Diptera, kamar a ce maka mutumin Bazazzagi ne. Dangi kamar a ce ɗan Tudun Wada ne. Na ƙasa da shi kamar a nuna maka layinsu. Shi kuwa sunan ƙarshe, shi ne a kai ka har zaure a ce ga shi nan zaune. Ƙudajen da aka rubuta sunansu a duniya sun haura 150,000, to hoton waya sau da yawa a layi yake sauke ka, wani lokacin ma a bakin unguwa, kuma ba laifin gilashin 6,500 ba ne, ko kyamarar miliyan ka kawo haka ne.

Wani bawan Allah da ke yawan duba hotunana, ban san shi ba ban san ƙasarsu ba, shi ya koya min abin da ya fi gilashin amfani. Ya rubuta min cewa hoto ɗaya mai kyau bai kai hoto huɗu masu dama-dama ba. Ɗaya ta sama a ga zanen gadon baya, ɗaya ta gefe a ga baki da ƙafafu, ɗaya ta fuska a ga idanu da 'yan ƙahonni, ɗaya kuma na fiffike a ga jijiyoyinsa. Ni da ina can ina neman hoton da zai burge 'yan status, ido ja jawur ya cika sikirin, ashe wannan ba ya gaya wa masani komai. Jijiyoyin fiffike su ne katin shaidar ƙuda.

Da na koma Shika da gilashina a aljihu sai gardama ta mutu cikin minti goma. Na samu ɗaya yana shan hantsi a jikin turke na ɗauke shi ta gefe, ga wani tsinke baƙi ya miƙe daga ƙarƙashin kansa yana kallon gaba kamar mashi. Ƙudan gida, Musca domestica, ba shi da wannan, bakinsa lausasan soso ne da yake saukewa ya dangwala ya tsotsa, ko ya so cizo ba shi da abin yi. Wannan Stomoxys ne, kuma da macen da namijin duk jini suke sha, yawanci a ƙafafun dabba, shi ya sa shanun ke buga ƙafa. A fiffike ma akwai bambanci, wata jijiya da a ƙudan gida take karyewa ta yi kwana sosai ta nufi gaba, a nasa lanƙwasa kawai take yi a hankali. Na nuna wa Baffa ya kawo fuska kusa da waya ya daɗe yana kallo sannan ya ce to ai abin da na faɗa ke nan, na shanu ne. Kuma gaskiyarsa, ni dai sunan Latin kawai na ƙara masa.

Shi tsando da maƙwabcin ya ambata, har yau ban ɗauki ko ɗaya ba kuma ba na fata, amma na haddace alamarsa saboda irin wannan gardamar. Shi ma bakinsa gaba yake kallo, sai dai in ya sauka yana ɗora fiffike ɗaya a kan ɗaya ne kamar rufaffen almakashi har su wuce gindinsa, kuma a tsakiyar fiffiken jijiyoyi sun zana wani fili mai siffar gatari. In ka ga gatarin nan magana ta ƙare. Shi ke kawo ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu, kuma mu mutanen ƙasar Zazzau ba baƙonmu ba ne. Saboda shi ne a ƙarshen shekarun 1930 zuwa na 1940 Turawa suka yi aikin nan na Anchau, aka sassare kurmin bakin rafuka inda yake fakewa, aka haƙa rijiyoyi, aka tashi mutane aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya, wani masanin ƙwari T.A.M. Nash na cikin jagororin aikin. Har yau kuma cibiyar binciken ciwon ta ƙasa tana Kaduna. Wato ƙwaro ɗaya ya sa an tashi gari guda, amma mu jikokin waɗanda aka tasa ba mu iya bambanta shi da ƙudan turke.

Abin da na fi jin daɗinsa dai shi ne abubuwan da suke gabana shekara da shekaru ban taɓa gani ba. Bayan fiffiken kowane ƙuda akwai wasu 'yan sanduna biyu masu kai kamar ashana, ragowar fukafukan baya ne da suka koma abin daidaita tashi, shi ya sa ƙuda fiffike biyu gare shi, zuma da rina da zanzaro kuwa huɗu. Sauro ma yana da su, ashe shi ma ɗan gidan ƙuda ne. Da wannan na kama wani munafuki a kan furen albasa, ya sha ado rawaya da baƙi sak ƙudan zuma har ina jin tsoron matsawa, ina duba hoto sai ga fiffike biyu, ga ƙahonni gajeru, ga idanu manya masu ɗigo-ɗigo kamar an yayyafa musu barkono. Eristalinus aka ce min, dangin Syrphidae, ba shi da harbi ko kaɗan, rigar soja kawai ya ara. Na kuma koyi cewa a yawancin ƙudajen nan in idanu biyu sun haɗe ko sun kusa haɗewa a saman kai namiji ne, in da rata mai faɗi mace ce. Akwai kuma wani ɗan'uwan ƙudan gida, Musca sorbens, mai zane biyu masu faɗi a baya maimakon huɗu, shi ne mai naci a idon yara da bakin gyambo, kuma yana cikin masu yaɗa ciwon idon nan tarakoma. Tun da na san haka na daina yi wa ƙudan fuskar yaro kallon abin wasa.

Amma gwarzon hotunana a bakin rafin Kubanni na same shi cikin Fabrairu, a wata inuwa mai laima kusa da ruwa. Na ga wasu 'yan ƙwari ja da baƙi sun taru a kan ciyawa na ɗauka cinnaku ne masu fiffike. Da na kai gilashi sai da na ce subhanallahi da ƙarfi har mai ban-ruwan da ke kusa ya waiwayo. Idanunsu ba a kai suke ba, kowane ido na can a ƙarshen wani dogon tsinke, ɗaya dama ɗaya hagu, kamar an ɗaura wa mutum fitila a ƙarshen ƙahon bijimi. Diopsis sunansu, kuma tsutsarsu na cin zuciyar karan shinkafa. Mai ban-ruwan ya zo ya leƙa ya ce Malam wannan aljani ne ko ƙwaro? Na ce ga su nan a gefen ƙafarka sun fi hamsin. Shekara ashirin yana noma a wurin.

Shi ɗin ne ma ya ja ni cikin masararsa ta rani ya ce tunda abin naka na gani to zo ka duba min wannan. Muka buɗe tsakiyar ganye ga tsutsa kwance cikin kashinta kamar dusa. A nan gilashin ya yi aikin kuɗinsa, don tsutsa ba ta tashi, ga alamar Y a kife a goshinta, ga ɗigo huɗu baƙaƙe sun yi murabba'i kusa da wutsiya. Ita ce Spodoptera frugiperda, baƙuwar da ta zo daga nahiyar Amurka aka fara ganinta a Afirka a farkon 2016, kuma Najeriya na cikin wuraren farko. Ban ba shi shawarar magani ba don ba fannina ba ne, na ce ya nemi malaman gona. Haka da mangwaro ya fara faɗowa na samu wani ɗan ƙuda mai siririn ƙugu da ɗigon rawaya a kafaɗa yana yawo a kan ɓawo, aka kai min shi Bactrocera, dangin wanda ya shigo daga Asiya aka fara kama shi a Kenya a 2003, masu sa ka gatsa mangwaro ka tarar da tsutsa. Ga sauro kuwa ba ka ma buƙatar gilashi sosai, mai kawo maleriya in ya sauka ɗaga gindi yake yi sama kamar mai goho, na kwata kuma kwance yake zama daidai da bango. Abin da gilashin ya ƙara min shi ne ganin namijin da ƙahonninsa masu gashi buzu-buzu, shi ba ya cizon kowa, amma shi ma muna tafa shi.

Inda na ci karo da bango shi ne wani babban ƙuda toka-toka mai jan ido, zane uku baƙaƙe a baya, cikinsa kamar allon dara, kullum yana wajen masu tsire da mahauta. Na ɗauke shi ya fi sau arba'in, ta sama ta gefe ta fuska, har mahaucin unguwarmu ya fara ce min likitan ƙuda. Duk wanda ya duba a dangin Sarcophagidae yake tsayawa. Na yi ƙorafi, sai mutumin nan nawa ya ce in daina wahalar da kaina, waɗannan sai an kama namijin an duba al'aurarsa a ƙarƙashin maikuroskof kafin a faɗi sunansa na ƙarshe, ko shi da ya yi shekaru a kansu ba ya yanke hukunci daga hoto. Korayen nan masu ƙyalli ma sau da yawa a Chrysomya ake sauke ni a ce in ƙarasa da ƙafa. Ɗalibin nan na Samaru ya ce in da gaske nake in kama ɗaya in sa a kwalba, akwai ɗakin ajiyar ƙwari a sashen kare amfanin gona na ABU wajen IAR, wato cibiyar binciken aikin gona, inda ake da su jere a soke da allura da sunayensu, can ɗalibai ke kai nasu a gwada. Ban je ba tukunna, ina dai tunanin yadda zan tsaya a gaban mai gadi da ƙuda a kwalba in yi masa bayani.

To a saya ko kar a saya? In kana da haƙuri kuma gwiwarka na lanƙwasuwa, saya, ban taɓa kashe 6,500 da ta daɗe tana biyana kamar wannan ba. Malamin makaranta mai koyar da kimiyya, manomi mai son ya tura wa malamin gona hoton da za a gane, ɗalibi mai aikin kammalawa, duk zai yi muku. In malam-buɗe-littafi kake so ko farar tumfafiya ko ƙoƙi-ƙoƙi to bar kuɗinka, sun yi masa girma, kyamarar wayar kawai ta fi. In kuma wayarka na da nata makro mai kyau gwada shi tukunna. Kuma kar ka bar shagon sai ka gwada a kan wayarka, ba ta mai shago ba, ka ga ko maƙalin na kaiwa idon kyamararka don wasu wayoyin idonsu na can tsakiya. Zaro takardar naira ka ɗauki ƙananan rubutun jikinta, in tsakiya ta fito tar to shi ne, in duk hazo ne ka ce a ba ka wani, don a kwali iri ɗaya ma wani gilas ne wani roba. Ka ɗan ƙwanƙwasa da farce za ka ji.

Nawa dai maƙalin ya tsage a wata na biyar, yanzu da robar ɗaure kuɗi nake riƙe shi, ninki uku. Na koma shagon ko suna sayar da maƙali shi kaɗai, yaron nan ya gane ni tun daga nesa ya fara murmushi, ya ce yallaɓai sai dai ka sayi kwali guda. Na ce bari damina ta faɗi tukunna, lokacin shinge da bobuwa, in robar ta kai ni can shi ke nan.